Da Ɗan Gari Akan Ci Gari: Yadda Fumfunar Ƙasa Ke Maganin 'Yar'uwarta

Assalamu alaikum. Malamaina, iyaye, 'yan'uwa ɗalibai, barkanmu da war haka.

Ku dubi hoton da ke kan allo. Farantin gilashi ne na ɗakin gwaji, an shuka masa yis, wanda shi ma wani nau'in fumfuna ne, ya rufe shi fari fat kamar kindirmo. A tsakiya kuma ga ɗigon fumfuna kore, irin wadda kuke gani a kan burodin da ya kwana huɗu a leda. To ku lura da zoben da ya kewaye ɗigon nan: wayam, kamar an share da tsintsiya. Wani abu ne fumfunar ta tsartar, ya hana yis ɗin matsowa. Wannan zobe shi ne laccarmu ta yau.

A cikin ƙasa abinci kaɗan ne, masu ci kuwa ba iyaka. Fumfuna ba ta da ƙafar gudu, ba ta da haƙori, sai ta koma yaƙi da sinadari. Mu masu harhaɗa magani aikinmu bai wuce mu je filin dagar nan mu tsinci makaman da suke jifan juna da su ba.

Da yawanku kun taɓa shan irin wannan ba ku sani ba. Wa ya yi makero yana yaro? Kada ku ji kunya, ni ma an yi mini ƙwal-kwabo saboda shi (dariya). Fumfuna ce ke kawo makero, kuma ƙwayar griseofulvin da ake ba yaro ya yi makonni yana sha, a ce a haɗa masa da abinci mai maiƙo don ta shiga jiki sosai, daga wata fumfuna mai suna Penicillium griseofulvum aka samo ta a 1939. Ta yi kusan shekara 20 ba a kai ta ga mutum ba, sai wajen 1958.

Me ya sa maganin fumfuna ya yi ƙaranci haka, alhali na bakteriya ya cika kanti? Saboda ƙwayar halittar fumfuna ta fi kama da tamu nesa ba kusa ba. Abin da zai kashe ta, sau da yawa sai ya taɓa mai jinyar. Ga amphotericin B nan, wanda aka samo a shekarun 1950 daga ƙasar bakin kogin Orinoco a Benezuwela (shi daga bakteriya ya fito, kada wani ya rubuta mini fumfuna a jarrabawa). Yana aiki, ba musu. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa kan maras lafiya ana ɗura masa shi ya ga rawar sanyin, ya kuma san yadda ake zullumin ƙoda.

Sai aka yi dabara. Fumfuna tana da katanga a bayan fatar ƙwayarta, mu ba mu da ita. Wani sinadari mai suna glucan shi ne tubalin katangar. Idan ka hana magini aiki, wato sinadarin da ke ƙera glucan ɗin, ƙwayar za ta kumbura ta fashe, kai kuwa ba abin da ya shafe ka. Wa zai san sirrin wannan katanga in ba mai irinta ba? Da ɗan gari akan ci gari.

A 1974 aka bayyana echinocandin B daga wata fumfuna ta dangin Aspergillus. Yana rusa katangar, amma yana fasa jajayen ƙwayoyin jini, don haka ba shi da amfani a yadda yake. Cikin shekarun 1980 masu binciken kamfanin Merck suka ɗebo samfuri daga kwarin kogin Lozoya, arewa da Madrid a Sifaniya, suka sami fumfunar da yanzu ake kira Glarea lozoyensis. Sinadarinta bai cika ɓarna ga jini ba, sai dai ba ya narkewa a ruwa yadda ake so, ga shi abin da take fitarwa ɗan ƙalilan ne. Aka yi ta gyaran fumfunar don ta ƙara yawansa, aka yi ta sassaƙar sinadarin, har ya zama caspofungin. Amurka ta amince da shi a 2001. Ku lissafa daga 1974: shekara 27. Micafungin ya biyo baya daga wata fumfunar ƙasa ta Japan, sai anidulafungin a 2006. Dukkansu dangin echinocandin ne, kuma ta jijiya ake ba da su, babu na haɗiya.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. A 2009 aka gano wani yis a kunnen wata maras lafiya a Japan, aka sa masa suna Candida auris. Yana liƙewa a ƙarfen gado da kayan aikin asibiti ya yi makonni, ya bi ta robar da aka sa a jijiya ya shiga jini. Alƙaluman hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka sun nuna kusan kashi 90 cikin 100 na samfuran da aka gwada a can ba sa jin maganin fumfuna mai suna fluconazole, kusan kashi 30 ba sa jin amphotericin B, amma waɗanda suka bijire wa dangin echinocandin ba su kai kashi 5 ba. Wato abin da aka tsinto a kwarin Lozoya da ƙasar Japan shi ke riƙe da ƙofa. Ita ma ƙofar ta fara tsagewa: sauyi kaɗan a ƙwayar gado mai suna FKS1 ya isa ya canza kamannin maginin, magani ya zo ya kasa gane shi.

Ba asibiti kaɗai ke koya wa fumfuna taurin kai ba. A Holan an nuna cewa Aspergillus fumigatus tana koyon jure magungunan azole (dangin su fluconazole) tun daga gona, saboda feshin da ake yi wa amfani danginsu ɗaya da na asibiti. A Indiya kuma wani sabon nau'in makero ya ɓulla wanda ba ya jin maganin makero mai suna terbinafine, kuma likitocin fata a can suna ɗora laifin a kan man shafawa mai haɗe da sitiroyid. Irin man nan, ku da kanku kun san ba a tambayar takardar likita kafin a miƙo shi a kemis ɗin unguwa. Wannan yana ci mini tuwo a ƙwarya.

A watan Oktoban 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin fumfuna 19 masu haɗari, huɗu a sahun gaba. Ɗaya daga cikin huɗun ita ce Cryptococcus neoformans, mai jawo sanƙarau ga masu cuta mai karya garkuwar jiki, kuma nahiyarmu ce ta fi ɗanɗana kuɗarta. Duk wannan yabo da na yi wa echinocandin, ba ya yi mata komai. Har gobe da tsohon amphotericin B ɗin nan ake tarar ta, a haɗa da flucytosine da fluconazole.

Na ga shugaban taro yana nuna mini agogo. Malama mai shuɗin mayafi, tun ɗazu hannunki ke sama, bismillah.