Amsoshin Tambayoyinku: Me ya sa rediyo ke ƙara in mashin ya wuce?

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka, barkanmu da sake haɗuwa a filin amsoshin tambayoyinku. Wannan makon wasiƙu da saƙonnin tes sun taru sosai, da na zauna ina tacewa sai na ga guda biyar duk jirgi ɗaya ne ya kwaso su, duk maganar kayan wuta ce da basa zaman lafiya da junansu, shi yasa na haɗa su waje guda.

Ta farko daga wani dattijo ce a wani ƙauye kusa da Gumel, jikansa ya rubuta masa. Yace shi kullum bayan asuba yana shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ya kamo labaran duniya a gajeren zango, amma da zarar ɗan acaɓa ya wuce ko maƙwabcinsa ya tada janareto sai rediyon ya kama tar-tar-tar har maganar ta ɓace, shin rediyon ne ya tsufa?

Baba Allah ya ƙara lafiya, rediyonka ƙalau yake, kar ka bari a ce maka ka sayi wani. Abinda ke faruwa shine duk injin da ke shan fetur yana da fulogi, shi kuma fulogi aikinsa kenan ya yi tartsatsi ya kunna man, kuma wutar da ke tsallakawa a bakinsa ta haura bolt 10,000. To duk tartsatsin wuta yana watsa igiyar rediyo, kamar dai yadda in ana walƙiya da damina kake jin ƙas-ƙas a rediyo tun kafin ka ji tsawar. Wayar da ta taso daga kwayil zuwa fulogin sai ta zama eriya, kaga mashin ɗin nan ya zama wata ƴar ƙaramar tashar rediyo mai yawo wadda ba abinda take watsawa sai hayaniya. In ka kasa kunne ma za ka ji in yaron ya murɗa totur ƙarar na ƙara sauri, don tartsatsin ne ya ƙaru.

Wannan matsalar ba yau ta fara ba. Tun 1934 aka kafa wani kwamiti a Faris mai suna CISPR saboda ita, lokacin da rediyo ya shiga gidajen Turai motoci da injina suka hana mutane sauraro, yana ƙarƙashin hukumar IEC mai tsara ƙa'idojin kayan lantarki ta duniya da ke Janiba. Su suka rubuta ƙa'idar CISPR 12 wadda ta shafi motoci da babura da jiragen ruwa masu inji da ƙananan injina irin janareto da injin ban ruwa. Yadda ake gwajin, a ajiye motar ko injin a kunna, a kafa eriya a nisan mita 10 a auna hayaniyar da yake fitarwa daga megahaz 30 zuwa 1,000 (megahaz ma'aunin zangon rediyo ne), in ta wuce iyakar da aka sa to ya faɗi. Nan ne zangon FM da talabijin suke, gajeren zangonka Baba yana ƙasa da 30 kaɗan, amma maganin da ake sawa don a ci gwajin yana rage ƙarar har a wajenka.

Maganin kuwa ba wani abu ne mai tsada ba. Akwai fulogi mai ɗan birki a cikinsa da ke rage kaifin tartsatsin, yawanci om 5,000 (om shine ma'aunin ƙarfin birkin), a fulogin kamfanin NGK za ka ga harafin R a cikin lambarsa, wasu injinan kuma a hular fulogin aka sa shi. Mashin yana fitowa daga kamfani da shi, sai ranar da hular ta fashe a jefar a naɗa waya tsirara a kan fulogin, ko a sayo mafi arha, inji ya tashi kowa ya ce an gama gyara. Wallahi wannan abun yana damuna, don dattijon da rediyo ne idonsa ga duniya shi aka bari da asarar kuma bai ma san daga ina take zuwa ba. Ƴan uwana makanikai dan Allah ku rinƙa sa lambar fulogin da kamfani ya rubuta, ku mayar da hula. Kai kuma Baba ka yi wa maƙwabcin magana cikin mutunci ya duba hular fulogin janaretonsa, ya ɗan matsar da shi nesa da bangonka, ko taku goma yana rage abun sosai.

Saƙo na biyu daga wani ladani ne a yankin Ɗambatta, yace wani lokaci ana cikin sallah sai lasifika ta yi tut-turut-tut-turut, can sai wayar wani ta yi ƙara. Malam wannan wayar ce take magana da turken sabis kafin kiran ya shigo. Waya in tana kan tsohon layi na 2G bata aika saƙonta a jere, guntu-guntu take harbawa sau 217 a daƙiƙa ɗaya, wayar makirfo ta kwaso, amfilifaya ta ƙara masa ƙarfi, shine wannan sautin. A nan ita wayar bata yi laifi ba aikinta take, amfilifayar ce bata da juriya. Kaga kenan lamarin fuska biyu ne, kuma haka ƙa'idojin suka raba shi: kada na'ura ta fitar da hayaniyar da zata dami maƙwabciyarta, sannan ita ma ta iya jure wadda ake yi a kusa da ita, wannan zaman tare shi injiniyoyi ke taƙaitawa da EMC. Ku roƙi liman da ƴan sahun gaba su kashe waya ko a ajiye ta nesa da amfilifaya, ku sayi wayar makirfo mai raga a ciki, kar kuma a haɗa guntaye da salatif.

Ta uku, wata baiwar Allah ce daga wajen Ringim, tace ɗanta ya haɗa mata sola da ƙwan fitila uku da wajen cajin waya, ta ji daɗi ƙwarai, amma tun daga ranar in dare ya yi ta kunna fitila tashar AM da take jin wa'azi sai shuuu kawai, FM kuma tana fita lafiya.

Hajiya sannu, ke kam kin gama rabin binciken da kanki. Ƙwan fitilar zamani da caja da inbata duk akwai wani ɗan allo a cikinsu da ke datsa wuta yana sakewa sau dubbai a daƙiƙa ɗaya, da haka suke canza ƙarfin wutar ba tare da babbar taransifoma ba, shi yasa cajar yanzu bata da nauyi. Wannan datsawar tana haifar da hayaniya, ta bi wayoyin da aka ja a ɗaki su zama eriya. AM tana ɗauke da magana ne a hawa da saukar ƙarfin igiya, hayaniyar ma haka take zuwa sai su cakuɗe, FM kuma ba ta nan take ɗauko maganarta ba shi yasa ta tsira. Fitilu ƙa'idarsu CISPR 15, kayan gida irin fanka da firij CISPR 14, su kwamfuta da talabijin CISPR 32, kuma a gwajin ana auna abinda na'ura ke turawa cikin waya tsakanin kilohaz 150 zuwa megahaz 30, wato daidai inda matsakaicin zango da gajeren zango suke zaune. Don a ci gwajin sai an sa ƴan kafasita da ƙaramin kwayil masu tace hayaniyar. Kin taɓa lura da wani kumburi kamar gorar rake a jikin wayar cajar laftof? Shi ma aikinsa kenan.

Toh inda gizo ke saƙar, waɗannan ƴan kayan tacewar in an cire su fitila zata kama, caja zata yi caji, mai saye ba zai gane komai ba. Na sha buɗe caja mai arha in ga gurbinsu a kan allon an zana an huda amma ba a sa komai ba, an ɗinke da ƴar waya. Kuɗin da aka rage bai taka kara ya karya ba a kan guda ɗaya, amma mai yin miliyan ya ci riba, mu kuma a karkara da muka fi kowa dogaro da AM mu ke kwana a ciki. Za ki ga alamar CE a jiki, wannan ta Tarayyar Turai ce, FCC kuma ta Amurka, sai dai ki sani CE a mafi yawan irin waɗannan kayan kamfanin ne da kansa ke shaidar ya cika ƙa'ida ya buga, kuma marar tsoron Allah zai iya buga ta ba tare da ya gwada komai ba. A nan gida hukumar SON ce ke da alhakin ingancin kaya, tana da tsarin SONCAP na kayan da ake shigowa da su, wayoyin hannu kuma hukumar sadarwa ta NCC ke amincewa da su, ni dai roƙona a garesu a rinƙa ɗaukar maganar hayaniyar nan da muhimmanci kamar yadda ake ɗaukar maganar gobara.

Abinda za ki yi yau da daddare, ki kunna rediyon ki rinƙa kashe fitilun ɗaya bayan ɗaya, ki zare caja, wanda kika kashe ƙarar ta ɗauke to shine ɓarawon, sau da yawa ƙwai ɗaya ne tak. Ranar kasuwa kuma ki ba yaron rediyon ya tafi da shi, ya murɗa AM inda babu tasha, mai shago ya kunna ƙwan ya kara rediyon kusa kamar kamu biyu, wanda ya fi shiru shi zai saya. Rediyon nan naki na'urar gwaji ce babba.

Sai wani direban haya mai jigila tsakanin Wudil da Gaya, tambayarsa biyu. Yace an cire kan batir alhali motarsa na kunne don a gane ko altaneta na caji, tun daga nan mota ta rikice aka ce ƙwaƙwalwarta ta ƙone, shin cire batirin ne ya jawo? Sannan wai da gaske ne ana gwada mota da igiyar rediyo kafin a sayar?

Ɗan uwa Allah ya mayar da alheri. Ban ga motar ba amma abinda ka faɗa ya isa ya ƙona ta. Batir shi ke shanye wutar altaneta, in ka fizge shi tana tsaka da caji wutar bata da wajen zuwa sai ta yi tsalle, a ƙa'idar duniya ta ISO 16750 kashi na 2 an kwatanta wannan tsallen a motar bolt 12 da cewa zai iya kaiwa bolt 79 zuwa 101, na ɗan lokacin da bai kai rabin daƙiƙa ba. Altanetocin zamani da yawa suna da abinda ke danne shi zuwa wajen bolt 35, amma wa ya san wace iri ce a motarka bayan an sha canje-canje? Dabarar nan ta zamanin motocin kafireto ce da babu kwamfuta a ciki, yanzu ta wuce. Mita ake ɗorawa a kan batir mota na kunne, in ta nuna tsakanin 13.5 da 14.5 tana caji, shikenan. Haka in za a yi walda a jikin mota a kashe ta a cire kan batir tukunna, a maƙala wayar ƙasa kusa da inda ake waldar.

Maganar gwaji kuwa gaskiya ce, kuma abun sha'awa ne. Ɗaki ne babba da aka lulluɓe da ƙarfe ta ko'ina har waya bata samun sabis a ciki, bangon an jera masa wasu soso masu tsini da ke shanye igiya don kar ta yi amsa kuwwa. A shigo da mota a ɗora tayoyinta kan wasu nadi tana gudu a waje ɗaya, kilomita 50 a awa, sai a juyo mata da wata ƙatuwar eriya a rinƙa watsa mata igiya mai ƙarfin bolt 30 a kowace mita, ana hawa daga megahaz 20 har 2,000, injiniyoyi na waje suna kallo ta kyamara. In gudunta ya canza da kansa, ko fitila ta mutu, ko birki ya rikice, ko jakar iska ta fashe, ta faɗi. Wannan ita ce doka ta 10 ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan motoci, dalilinta kuwa mota zata wuce gindin turken rediyo ko na sabis da mutane a ciki. In ka duba jikin wasu kayan wutar mota za ka ga harafin E cikin da'ira da lamba, gefe an sa 10R, lambar ƙasar da ta amince ce, 1 Jamus, 4 Holan, 11 Birtaniya, 43 Japan. Akwai kuma CISPR 25 mai kare rediyon cikin motar daga hayaniyar kayan motar kanta. Duk wannan wahalar sai mu zo mu ɗaura fitilar gaba mai arha da cajar da ba a san asalinta ba, mu yanke wayarin mu jona yadda muka ga dama, direba ya ce rediyon motarsa ya daina kamawa.

Ta ƙarshe gajeriya ce, wani ɗalibi daga Kazaure yace da hunturu in ya taɓa ƙofar mota sai ta ja shi, ko wayarin ne ya lalace? A'a ƙanena, wutar a jikinka take, gogar riga da kujera ce ke tara ta, iska kuma ta bushe babu laimar da zata kwashe. Kafin ka ji wannan tsunkulin ta kai wajen bolt 3,000, kai ba zata yi maka komai ba amma tana kashe ƙananan kayan lantarki, shi yasa a ƙa'idar ISO 10605 ake harbin maɓallan mota da wata ƴar bindigar tartsatsi har zuwa bolt 25,000. Ka riƙe ƙarfen ƙofa kafin ka sauke ƙafa ƙasa. Masu zuba fetur a jarka kuma dan Allah a sauke ta ƙasa kafin a zuba, kar a cika ta a bayan mota ko kan mashin, tartsatsin nan ya isa ya tada wuta.

Mai famfon sola daga Auyo na ga wasiƙarka, lokaci ne ya cimmana, da ita zamu buɗe mako mai zuwa in Allah ya kaimu, kafin nan ka turo mana tsawon wayar da ke tsakanin akwatin da famfon.