Abin da ke cikin hanjin ɗan tsako, daga Helsinki

Assalamu alaikum jama'ar Birnin Kebbi, Jega, Argungu har Yauri. Daga Helsinki ta ƙasar Finlan nake magana, kuma yau da masu kiwon kaji nake, musamman masu karɓar kwalin 'yan tsaki daga Ibadan su zuba musu ja-da-yalo, wato maganin kashe bakteriya, a ruwa tun ranar farko.

Bari in matso da kyamara. Wannan cikin kaza ne da aka feɗe. Iyayenmu mata masu gyaran kaji sun san waɗannan rassa biyu da ke kusa da ƙarshen hanji, marasa mafita. Nan ne matattarar bakteriya mafi yawa a jikin kaza. A gindin kowane reshe akwai ɗan kumburi cike da ƙwayoyin garkuwar jiki, suna maƙwabtaka da bakteriyar. Yanzu ku dubi wannan 'yar jaka da ke saman dubura. Sunanta bursa. A 1956 Bruce Glick na Jami'ar Jihar Ohio a Amurka ya nuna cewa in aka cire ta tun kaza tana ƙarama, jikinta ba ya iya haɗa makaman yaƙi da cuta yadda ya kamata. Ita ce makarantar allon ƙwayoyin garkuwa, kuma ita cutar Gumboro ke kai wa hari.

To ina bakteriya ta shigo? Masu amfani daga cikinsu suna narka harzar abinci su fitar da sinadarai irin su butiret, waɗanda ke ƙarfafa bangon hanji su kuma hana garkuwa yin fushin da ya wuce kima. An yi kiwon kaji a ɗakin da ba ƙwayar bakteriya ko ɗaya, sai aka tarar waɗancan kumburin sun tsumbure, garkuwar hanjin ta yi rauni ƙwarai.

Abin da ya fi taɓa ni a nan ƙasar aka gano shi. A 1973 wasu masana biyu, Nurmi da Rantala, suka ɗebi abin cikin hanjin lafiyayyun manyan kaji suka ba sabbin ƙyanƙyasa, sai Salmonella, wata bakteriya mai sa cuta, ta kasa samun wurin zama a cikinsu. Ɗan tsakon kazar gida yana samun wannan gado kyauta, yana bin uwarsa yana tsattsagar inda ta yi kashi. Na injin ƙyanƙyasa bai taɓa ganin uwa ba, hanjinsa kusan wayam yake. 'Yar bakteriyar da ya fara tarawa kuma mu bi ta da magani mu kashe, alhali ba ya ciwo. Wallahi abin yana damuna, don kuɗinku ne ke tafiya, kuma ƙwayoyin cuta suna sabawa da maganin da mu kanmu muke sha. Tarayyar Turai ta hana sa irin waɗannan magunguna a abincin dabbobi don ƙiba tun 2006.

Don Allah kada wani ya je ya kwaso kashin kajin gida ya ba 'yan tsaki, cuta zai kwaso musu. A shimfiɗa busasshen ɓuntun shinkafa, a ba su ɗumi da ruwa mai tsabta, a yi rigakafin Gumboro da Niyukasil a kan lokaci. In tsako ya yi sanyi ya saki fukafukai, a kira likitan dabbobi ya duba kafin a buɗe ledar magani.