Jawabin Maraba ga Babban Baƙonmu, Masanin Halittun Teku

Assalamu alaikum. Mai girma babban baƙonmu, iyayenmu malamai, shugabannin masunta da suka taso daga bakin gulbin Rima, 'yan uwana ɗalibai, barkanmu da warhaka.

Ranka ya daɗe, sannu da zuwa Sakkwato Birnin Shehu, sannu da shan hanya da zafin rana. Da aka ce mana mai ƙidayar kifayen teku ne zai zo, wani dattijo cikin Sarkawa cewa ya yi, "Kifi kuma ana ƙirga shi yana cikin ruwa?" Ga shi can zaune, amsa yake jira.

Kifin da kake bibiya, wanda Turawa ke kira wel-shak, shi ne mafi girman kifi a duniya. Yana wuce mita 12, giwan ruwan da ake alfahari da shi a Argungu ɗan tsako ne a gabansa. Duk da girman nan ba ya farautar mutum, baki kawai yake buɗewa ya tace ƙananan halittun ruwa. A 2016 ƙungiyar kare halittu ta duniya, wato IUCN, ta sa shi cikin halittun da ke fuskantar ƙarewa, don an kiyasta fiye da rabinsa ya tafi cikin shekara 75, saboda kamu da karo da jiragen ruwa.

Abin da ya fi burge mu shi ne dabarar ƙidayar. Ba ƙugiya, ba koma. Mai nutso yana ɗaukar hoton gefen kifin na hagu, daidai bayan matatar numfashinsa, inda fararen ɗigo suke. Kowane kifi da nasa zanen, kamar shaidar ɗan yatsa. Kwamfuta ke tantance su, da lissafin da asalinsa na masu nazarin taurari ne. Ba mamaki mutanen Madagaska ke ce masa "mai taurari da yawa".

Mu ba mu da teku, amma muna da Rima da madatsar Goronyo da tafkin Kware, kuma masuntanmu na kukan kamu ya ragu. Kakanninmu sun san hana kamun kifi a kogin Matan Fada na Argungu har sai lokaci ya yi. Abin da ya rage mana shi ne rubutaccen lissafi, kuma nan muke roƙon ka kama hannunmu.

Ga fura nan an dama, amma sai ka amsa wa dattijon nan tukuna. Bismillah, ranka ya daɗe.