Murya arba'in, ba ganga ba kalangu

Assalamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri da idanuna, jiya ban yi barcin kirki ba, wata waƙa ce ta kwana tana yawo a kaina.

Da la'asar na haye gadar Kennedy a nan Yamai, babban birnin Nijar, zuwa unguwar Harobanda, zan karɓo wasu takardu wajen abokina a Jami'ar Abdou Moumouni. Dala tamanin na ba mai tasi, sefa 400 ke nan. Ina wucewa ta bayan wani aji sai na ji wani sauti, tsigar jikina ta tashi. Na leƙa ta taga. Ɗalibai ne wajen arba'in, maza da mata, sun tsaya rukuni huɗu. Ba ganga, ba kalangu, ba fiyano. Koral suke ce wa irin wannan ƙungiya a nan.

Wata 'yar siririyar ɗaliba ce ke ja musu gora. Tana da ɗan ƙarfe mai baki biyu, sai ta buga shi a gwiwarta, ta kara a kunne. Sauti ɗaya tak yake bayarwa, wanda suke kira "la". Daga shi take raba wa kowane rukuni inda zai kama: soprano da alto na mata, teno da bas na maza. Ta ɗaga hannu, duk suka ja numfashi tare, wallahi har shi na ji.

Mu a Zariya mun saba da mawaƙi ya bayar, 'yan amshi su karɓa da murya ɗaya. Su kuwa hanya huɗu suke bi a lokaci guda, kuma ba mai taka wani. Da suka shiga wata waƙa da Hausa, da irin harshen mutanen Adar ɗin nan mai "mi" da "shina", sai na tuna Innata tana waƙa a bakin turmi. Na juya baya na share ido. Suna tsaka da ita wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya, ko gezau ba su yi ba.

Abokina Ba'adare ne, ɗan Tahoua, a bas yake. Shi ya ce min da an koma karatu a Oktoba suke fara gwaji, sau biyu a mako. Fitarsu ta farko babba ita ce 18 ga Disamba, ranar Jamhuriya, kuma sai da suka sake koyon taken ƙasa daga tushe, tunda an canza shi a 2023. Suna ci gaba har 24 ga Afrilu, ranar sulhun ƙasa, daga nan zafi da jarrabawa su sallami kowa. Mutumin nan fa da ka taɓo waƙa sai ya kawo maka gasar Ɗan Gurmu, wadda ke ɗauke da sunan mawaƙin garinsu. Ni ma ban bar shi ba, na ce ya zo Zazzau da sallah ya ji algaita da tambari a ƙofar fada.

Da suka huta shugabar ta hango ni, ta ce, "Malam, bismillah, shigo mana." Ta sa na ja baiti ɗaya, ta ce teno ne ni, kuma kunnena na da kyau. Alhamis zan koma.

In za ka zo kallonsu, ka riƙo ruwanka, ka kuma fito da wuri, don gadar nan da yamma cunkoso gare ta. Sannan don Allah ka kashe ƙarar wayarka. Jiya ta wani ta yi kuka daidai inda suka sassauta murya, sai da yarinyar nan ta sauke hannu aka koma farko, raina ya ɓaci sosai.