Daga Ina Sunan Aflatoxin Ya Samo Asali?

Assalamu alaikum. Jama'a, yau suna ɗaya tak za mu kwance: aflatoxin, gubar nan da fumfuna ke zubawa cikin hatsi da gyada idan an adana su da danshi.

A shekarar 1960 talotalo fiye da 100,000 suka mutu a gonakin Ingila. Likitocin dabbobi suka rasa gane kan cutar, har suka laƙaba mata harafin X, wato wadda ba a san ko mece ce ba. Da aka bi sawu, sai aka tarar tunkuzar gyada ce da aka shigo da ita daga Brazil, kuma wata fumfuna mai suna Aspergillus flavus ta kama ta. Sai masana suka ɗauki A daga Aspergillus, suka ɗauki fla daga flavus, suka liƙa toxin. Shi ke nan, suna ya samu.

To, amma kowane yanki na sunan da nasa tarihin. Flavus Latin ne, ma'anarsa rawaya, launin fumfunar ke nan. Aspergillus kuwa, a nan nake so ku ba ni hankalinku. A 1729 wani masanin tsirrai na birnin Florence a Italiya, Pier Antonio Micheli, ya leƙa wannan halitta ta madubin ƙara girma. Ya ga siririn kara, a samansa dunƙulallen kai, ƙwayoyin iri sun jeru suna fita ta ko'ina. Sai ta tuna masa da abin yayyafa ruwa da limaman coci ke riƙewa, wanda ake kira aspergillum. Ni kam ina jinjina wa idon mutumin nan, domin duk wanda ya ga hoton zai ce ya yi daidai.

Toxin kuma daga Girkanci ya fito. Toxon bakan harbi ne, toxikon shi ne dafin da ake shafa wa kibiya.

Wani zai ce, to B1 da G1 da muke gani a takardun gwaji fa? Launi ne. A ƙarƙashin hasken UV, wani haske da ido ba ya gani, wani nau'in gubar shuɗi yake ƙyalli, wani kore, sai aka ba su haruffan farko na sunayen launukan da Turanci. M1 kuma a madarar shanun da suka ci gurɓataccen abinci aka gano shi, M ɗin harafin farko ne na sunan madara da Turanci. B1 ne mafi muni, yana jawo sankarar hanta, kuma dahuwa irin ta gida ba ta kashe shi.