Amsoshin Tambayoyinku: Idan An Kai Ƙarar Likita

Masu sauraro, assalamu alaikum. Wasiƙarmu ta farko ta fito ne daga wani matashin likita, wanda ya ce dangin wata majinyaciya sun kai ƙararsa bisa zargin sakaci, yana neman sanin yadda zai ɓullo wa lamarin.

To likita, kafin komai, kada ka taɓa fayil ɗin majinyaciyar. Kada ka goge kalma, kada ka cusa wani layi a tsakanin rubutun ranar da abin ya faru, domin masu bincike suna gane sabuwar tawada da rubutun da aka matse a gefen takarda, kuma da zarar sun gane, ko da aikinka ya yi daidai, maganarka ta rasa ƙima. Idan akwai abin da ka tuna daga baya, ka rubuta shi daban, da kwanan watan yau da sa hannunka.

A Najeriya, kwamitin bincike na hukumar kula da likitoci, MDCN, shi ke karɓar ƙorafi a rubuce bisa rantsuwa, sannan ya nemi likita ya mayar da amsa. Idan ya ga akwai abin tuhuma, sai ya miƙa batun ga kotun ladabtarwa, wadda ke da ikon yin gargaɗi, ko dakatarwa har wata shida, ko cire sunan likita daga rajista, kodayake ana iya ɗaukaka ƙara. Saboda haka ka amsa cikin wa'adin da aka ba ka, ka nuna wa lauya amsar kafin ka aika, ka jero abin da ka gani da abin da ka yi daki-daki, ba tare da ɗora laifi a kan ma'aikatan jinya ko dangin ba.

Abin da ya fi damunmu shi ne al'adar tura manya su je su matsa wa dangi su janye ƙara. Jajantawa halin kirki ne, zama da su a yi musu bayani da harshen da suke fahimta haƙƙinsu ne, amma matsin lamba yana ƙara zargi ne kawai. Haka nan kada ka kare kanka a Facebook, domin Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta sirranta bayanan majinyaci, kuma kai ƙara bai sauke maka wannan nauyi ba.

Sai wasiƙa ta gaba.