Ampili mai ƙarfi da zafin Yamai: lacca ga samari masu haɗa na'ura

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. Ku matso, ga benci nan gaba babu kowa.

Abu huɗu na zo da su kan haɗa ampili mai ƙarfi, wato na'urar ƙara sauti, da tiransisto: wuta, tiransisto ɗin kansu, sanyaya su, sai gwajin farko.

Na farko, wuta. Duk yaron da ya zo wurina, wat nawa yake tambaya. Wat daga taransifo yake fitowa, tiransisto rabawa kawai yake yi. In kana son wat 100 na gaskiya a lasifika mai om 8, sai bolt 28 ya isa bakinta, ƙololuwarsa bolt 40. Kenan kana bukatar bolt 45 sama, bolt 45 ƙasa, sifili a tsakiya. Taransifo mai bolt 32 sau biyu, diyod huɗu, kondansato biyu masu mikrofarad 10,000, bolt 63. Kuma don Allah, ko ka cire filogi, kondansaton nan yana riƙe da wuta. Ka sauke ta da rezistansi kafin ka kai hannu.

Na biyu, tiransisto. A 1947 aka ƙirƙiro shi a Amurka, a ɗakin binciken Bell, mutum uku suka karɓi kyautar Nobel a kansa a 1956. Dattawanmu masu gyaran rediyo da 2N3055 suka tashi, mai hular ƙarfen nan. Alhaji ga shi can yana murmushi, ya san shi. Yau 2SC5200 da abokinsa 2SA1943 na Toshiba muka fi samu. Ɗaya yana tura lasifika, ɗaya yana jawo ta, kamar mata biyu a turmi ɗaya, wannan ta sauke taɓarya waccan ta ɗaga.

To nan nake so ku ba ni kunnuwanku. Takardar 2SC5200 ta ce yana ɗaukar wat 150. Gaskiya ne. Amma ku karanta ƙaramin rubutun da ke gefe: sai in jikinsa yana digiri 25. Digiri 25! Samari, a watan Afrilu, da azahar, a Yamai, ina za ku samo digiri 25? Inuwa kanta ta haura 40. Ga ampilin a cikin akwati, akwatin a ƙarƙashin rumfar kwano, ana biki tun hantsi. Cikin tiransiston nan iyakarsa digiri 150, kuma duk digiri ɗaya da jikinsa ya ƙara bisa 25, wat 1.2 ya tafi. Ku lissafa tare da ni. A digiri 75 saura wat 90. A digiri 100 saura 60. Tiransisto ɗaya ne, lamba ɗaya, amma abin da ya saura bai kai ko rabin ƙarfinsa ba. Shi ya sa zanen da aka yi a ƙasar sanyi in ya ce biyu-biyu, ni nake cewa ku sa uku-uku, kowane da rezistansinsa na om 0.22, wat 5, don su raba kayan daidai.

Kuma zafi yana da wata muguwar ɗabi'a. In tiransisto ya ɗumama, bolt ɗin da yake bukata ya buɗe yana raguwa da kusan milibolt 2 a kowane digiri. Ya ɗumama, ya ƙara jan wuta, ya ƙara ɗumama, ya ƙara ja, har hayaƙi. Maganinsa ƙaramin tiransisto ne, irin BD139, wanda ke daidaita wutar zaman banza, wato wadda manyan ke ja ko babu sauti. Sai an ɗaure shi a jikin radiyata, wato ƙarfen da ke kwashe zafi, kusa da manyan, yana jin zafin da suke ji. Na sha buɗe ampilin da aka bar shi yana lilo a kan faranti, nesa da ƙarfe. Raina ɓaci yake yi, wallahi, domin kuɗin yaro ne ya ƙone saboda ƙusa ɗaya. A jikin radiyata! Ku rubuta. A jikin radiyata.

Radiyatan kuma kada ku yi masa rowa. Ku shiga Katako, tsofaffin na'urori suna nan da alminiyo mai kauri. Haƙarƙarinsa a tsaye, don iska mai zafi ta hau. Farin man nan mai kai zafi cikin ƙarfe siriri za a shafa a bayan tiransisto, ba a lafta shi ba, kuma kada a manta takardar mika, mai hana wuta ratsawa, tsakanin tiransisto da ƙarfe. A sa fanka. In hunturu ya wuce a buɗe a kaɗe ƙura, don ƙurar nan rufe haƙarƙarin take yi. Af, da jabu. Jabun 5200 ya cika kasuwa. Ka sadaukar da guda, ka fasa shi: in ƙwayar ciki ƴar mitsitsiya ce, ka mayar da sauran.

Na nawa muke? Lokaci ya tafi, bari in faɗi gwaji da sauri. Ranar farko kada ka haɗa lasifika. Ka sa ƙwan lantarki mai zare, wat 60 ko 100, a jere da wutar 220. In ya haska ya dushe, lafiya. In ya tsaya da haske, kashe, akwai matsala. Ka auna bakin fita, inda lasifika za ta shiga, kada ya wuce milibolt 50. Sannan...

(Wani saurayi daga baya: Malam, mu a ƙauyenmu batirin sola muke da shi, bolt 12. Zai ba da wat 100?)

Allah ya yi maka albarka, ɗana, wannan tambayar ta mutane da yawa ce. Kai tsaye ba zai bayar ba. Bolt 12 a lasifika mai om 4, wajen wat 4 za ka samu. In ka haɗa ampili biyu gada, wato lasifika ɗaya a tsakaninsu, ka kusa wat 18, abin da rediyon mota ke yi kenan. Duk abin da aka rubuta a kwali, lissafin ke nan. In wat 100 kake so, sai ka fara ɗaga bolt ɗin da wata na'ura, ana yin ta da ƴar ƙwayar lantarki mai lamba SG3525 da ƙaramin taransifo na ferit. Amma ka sani batirin zai riƙa ba da amfiya wajen 14 in an ƙure sauti, don haka waya mai kauri, gajera, da fis dab da batiri. Batirinku amfiya nawa ne? Ɗari? To zo nan gaba da takardarka, mu lissafa awa nawa zai kai ku.